Zaki a Bango, Tulu a Zaure

A garinmu Santa Rita na ƙasar Meziko, in ka tsaya a bakin kasuwa ka ƙwala kiran Hernández, rabin masu tumatir za su waiwayo, har da mai kaɗa ƙararrawar coci da direban motar shara. In kuwa Cantarero ka kira, mutum ɗaya ne zai amsa, shi ma sai ya gama murza gashin bakinsa tukuna. Wannan shi ne Don Evaristo mai aski, wanda ya shekara arba'in da shida a shagonsa na bayan tasha, yana rage wa mutane suma yana cika musu kunne da tarihin gidansu.

Saman madubin shagon akwai wata takarda a cikin gilashi. Ya saye ta ne a bikin bazara na wata shekara, wurin wani baƙo mai kwamfuta da ke buga wa kowa asalin sunan gidansa nan take. Jan zaki ne a jiki, tsaye kan ƙafafun baya, ya ɗaga takobi. A ƙasa an rubuta cewa Cantarero jarumai ne daga ƙasar Sifen, masu doki da sulke, waɗanda sarki ke aika wa in yaƙi ya yi zafi. Kullum da safe sai Don Evaristo ya goge gilashin nan kafin ya taɓa madubin da yake cin abinci da shi.

To, duk yaron da ya iya magana a garinmu ya san abin da kalmar Cantarero take nufi, wato maginin tulu. Ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Amma wa zai faɗa wa mutum haka alhali askarsa tana kan maƙogwaronka? Mutum ɗaya ne ke da wannan ƙarfin halin, amininsa Chon, wanda suke ce wa juna compadre, wato babban amini, tsohon direban tirela, wanda sanƙo ya cinye wa kai tas, amma duk Asabar sai ya zo ya haye kujera wai a gyara masa.

"Compadre, wai shi zakin nan naku," in ji Chon yana kallon bango, "da wane hannu yake cuɗa yumɓun ne? Na ga ɗayan da takobi."

"Rufe mini baki kafin in rage maka kunne. Wai har mai sanƙo ya samu bakin magana a shagon aski."

Wasa dai wasa ne, amma akwai abin da ke cin Don Evaristo a rai, kuma ba ƙarami ba. 'Ya'ya biyar Allah ya ba shi, duk mata, ba ya kuwa haɗa su da kowa. Ƙanensa ɗaya tilo ya zama fada a coci, ba aure ba haihuwa, ka ga ta nan an rufe ƙofa. Mu kuwa kowa sunan gida biyu yake ɗauka, na uba a gaba, na uwa a baya, kuma in mutum ya tashi haihuwa na gaban ne kaɗai ke bin ɗansa. Jikokinsa goma sha ɗaya duk a baya suke jan Cantarero, kamar kayan da za a sauke a tasha ta gaba. Bara da babbar jikarsa ta haihu, aka kawo masa takardar haihuwar ya gani: Ramírez López. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ko ƙyallin Cantarero babu. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Ya san in ya rufe ido, sunan ya bi shi kabari ke nan.

Autarsa Noemí, malamar firamare, ita ce ta zo da labarin wata Alhamis, tana tura cikin wata takwas a gaba, mijinta Fidencio mai aikin famfo yana biye da ita da kwandon lemo.

"Baba, ka ji doka ta sake? Yanzu in uwa da uba suka yarda, suna iya sa sunan uwa a gaba."

Don Evaristo ya ajiye cokali. "Sake faɗa in ji."

Ta sake faɗa, ta kuma miƙa masa wayarta. "Na ma bincika sunan namu. Ya fi yawa a Honduras da Sifen, can ɗin ma ba cika kasuwa suke yi ba. Nan Meziko kuwa sai an tona."

"Ai dama zinariya sai an tona," in ji shi, amma idonsa na kan surukinsa. Fidencio Hernández mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko kaza ta taka shi zai ce mata yi haƙuri. Ya sosa ƙeya ya yi murmushi.

"Ni ba ruwana, Baba. Mu ai ruwan dare ne, in Hernández ɗaya ya ɓace wa zai lura? Amma fa sai Mama ta yarda. In na yi ba da saninta ba, gara in bar garin."

Nan fa ake yin ta. Mahaifiyar Fidencio, Doña Eduviges mai birria, wadda duk Lahadi ake layi a rumfarta don naman akuyarta mai yaji, ta haifi maza bakwai ta kuma binne miji ɗaya, ba a taɓa jin ta ce "to" a karon farko ba.

Ranar Lahadi da la'asar, bayan an tashi daga kasuwa, Don Evaristo ya sa farar hularsa ta biki, ya sauke zaki daga bango ya naɗe shi da tawul. Matarsa Remedios ta tsaya a ƙofa tana kallonsa.

"Tsoho, ina za ka da wannan kyanwar?"

"Shaida zan kai."

"Ka bar ta a gida, ka je da bakinka kawai."

Bai ji ba, ai dama mai rabon shan kunya ba ya jin bari. Ya tarar da gidan Doña Eduviges cike, 'ya'ya da surukai da jikoki sun kewaye dogon tebur a tsakar gida. Aka ba shi kujera, aka zuba masa romo. Da ya ga ciki ya ɗauka, sai ya miƙe, ya gyara murya, ya kwance tawul. Ya yi magana kan jiragen ruwa da dawakai, ya yi kan sarki da sulke, ya ce suna irin wannan amana ne, bai kamata a bar shi ya mutu a garin da ba a san darajarsa ba. Doña Eduviges tana zaune tana ɓare tafarnuwa, ko kai ba ta ɗaga ba sai da ya kai aya.

"Ka gama, Don Evaristo?"

"Na gama."

"Fidencio, shiga ɗakina, bayan kwaba akwai wani abu jingine. Ɗauko."

Fidencio ya fito da gilashi mai ƙura, yana tafe kamar mai ɗauke da gawa. Uwar ta goge shi da gefen zanenta na aiki, ta jingina kusa da na baƙon. Jan zaki ne, tsaye kan ƙafafun baya, da takobi. Zaki ɗaya ne sak, har lanƙwasar wutsiyar, sai dai a ƙasan wannan Hernández aka rubuta.

"Marigayi ne ya kwaso shi a bikin bazara," in ji ta. "Ashe 'yan'uwa ne mu ban sani ba. Maƙwabciyata ma tana da shi, ita ta rufe tagar bayi da nata."

Wani daga cikin jikokin ya fara ƙyalƙyalewa, uwarsa ta make shi, sai ita ma ta fashe. Kafin ka ce me, tebur duka ya ɗauka. Don Evaristo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ban ce na hana ba, ban ce na bayar ba," in ji Doña Eduviges da dariya ta lafa. "Hernández ɗin da nake riƙe da shi na mijina ne, ya shekara talatin yana yanka akuya da sunan nan, bai taɓa cutar kowa a ma'auni ba. In zan matsar da shi baya, sai na san wa zan ba gaban. Ka zo mini da abin da sunanku ya taɓa yi a garin nan. Zakin takarda kam ina da nawa."

Ya koma gida da gilashin a hammata, ko naɗe shi bai yi ba. Kwana uku yana aski shiru, har masu zuwa suka fara tambaya ko ba shi da lafiya. Ƙusar da ke saman madubi ta zauna tsirara. Chon ya leƙo ya ga bangon, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya kalli fuskar amininsa, sai ya tambayi yadda farashin wake yake.

Remedios ce ta fasa ƙwan, ran Laraba da safe tana gasa masa tortilla, wainar masarar da muke ci.

"Tsoho, shekara arba'in da takwas ina gidanka, ban taɓa ganin doki a danginku ba. Jaki dai na gani. Ina 'yar ƙarama kakanka Nicanor yakan wuce ta ƙofarmu da tuluna."

"Ki bar kaza cikin gashinta, tsohuwa."

"Ai tuni aka fige ta ran Lahadi. Me ya saura?"

Ya san gaskiya ta faɗa. Bai taɓa mantawa da Nicanor ba, ɓoye shi kawai ya yi. Yana iya ganin gidan bakin rafi, da tulin jan yumɓu a ƙarƙashin buhu mai laima, da hayaƙin ranar da ake gasa tukwane. Duk tulun da tsohon ya gina, kafin ya bushe sai ya danna babban yatsansa a ƙarƙashin mariƙi, shi ne sa hannunsa tunda bai iya rubutu ba. Wani hutun damina, Evaristo yana ɗan shekara shida, kakan ya riƙa kama ɗan yatsansa yana dannawa kusa da nasa. "Ka ga, yanzu mu biyu muka yi shi," haka yakan ce.

Daga baya famfo ya shigo gari, bokitin roba ya biyo baya, sana'ar ta mutu a tsaye. Mahaifin Evaristo ya koma aski. A makaranta yara suka sa Evaristo a gaba da waƙar tulu ya fashe, ruwa ya zube. Wata rana, yana shekara tara, an tashi tara ke nan sai ga Nicanor ya biyo ta bakin makaranta da jakinsa, kaya bai ragu ba ko ɗaya. Ya hango jikansa, ya ɗaga hannun nan nasa mai jan yumɓu a farce, ya kira shi da suna. Evaristo ya juya baya ya yi kamar bai san shi ba. Tsohon bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu. Wannan abu ya fi shekara sittin yana zaune a ƙirjin Don Evaristo, kuma gaskiyar magana ita ce, saboda shi ya sayi zakin nan, don ya rufe wurin.

Ana cikin haka sai haihuwa ta zo ba shiri, mako uku kafin lokacinta. Ran Juma'a Noemí ta sauka lafiya, aka samu mace, 'yar mitsitsiya mai gashi cunkus. Don Evaristo ya duba kan jaririyar da idon sana'a ya ce wannan suma tasu ce, ba ta Hernández ba. Fidencio ya ja shi gefe a barandar asibiti.

"Baba, ran Litinin za mu je rajista. Mama ta ce ba ta ji daga gare ka ba."

"Amma ai mace ce," in ji Chon, wanda ya biyo su da ledar ayaba. "Ko an sa a gaba, ba nan zai tsaya ba?"

Noemí ta jiyo su daga kan gado. "Kawu Chon, dokar da ta ba ni ita za ta ba ta. Ko kana ganin 'yata za ta kasa abin da uwarta ta yi?"

Ran Asabar da tsakar rana Don Evaristo ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba ranar ciniki. Ya tafi da ƙafa, da hular aiki, hannu rabbana. Gidan Doña Eduviges yana can saman tudu bayan maƙabarta, rana kuwa ta buɗe sosai, kafin ya kai rigarsa ta jiƙe sharkaf, harshensa ya bushe. Ya same ta ita kaɗai a zaure tana cire 'ya'yan busasshen barkono don birriar gobe.

"Ina zakin?" ta tambaya.

"Yana ƙarƙashin gado."

"Can ya fi masa. Zauna kafin ka faɗi mini a nan, a ce na kashe suruki."

Bai zauna ba. Ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu, kamar ɗan makaranta gaban hedimasta.

"Doña Eduviges, mu ba mu da doki, ba mu da sarki. Magina tulu ne mu, sunan ma abin da yake faɗa ke nan, kowa ya sani, ni ne kawai na toshe kunne. Wani can a da ya yi sana'ar har aka daina kiransa da komai sai ita, 'ya'yansa suka gāda, har ta iso kan kakana Nicanor na bakin rafi. Kafin famfo, duk ruwan da aka sha a garin nan a cikin aikin hannunsa ya kwana. Ni kuma na ji kunyarsa. Ya kira ni gaban yara na juya masa baya. Ba don ni nake roƙo ba, don shi ne. Ba na so in zama wanda ya juya masa baya sau biyu."

Ya sunkuyar da kai yana kallon hular. Doña Eduviges ta karkaɗe hannu, ta tashi da ƙyar saboda gwiwa, ta nufi lungun zauren. Akwai wani tsohon tulu a can kan gammo, ya yi baƙi-baƙi don shekaru, an kife masa kofin ƙasa a baki. Ta tsiyaya ruwa ta miƙa masa. Ya shanye a tashi ɗaya. Ruwa ne mai sanyi da ƙanshin ƙasa, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

"Ɗana mai aikin famfo ne, firiji biyu gare ni a gidan nan," in ji ta, "amma ni ban shan ruwan kowa sai na wannan. Na mahaifiyata ne, shekarar da ta saya ina tsaye ina riƙe da zanenta. Juya shi ka duba ƙasan mariƙin. A hankali fa, in ka fasa mini sai na fasa ka."

Ya durƙusa, ya juya tulun ya fuskanci hasken ƙofa. Ga shatin babban yatsa nan, mai faɗi, ya nutse sosai. Kusa da shi kuma ga wani ɗan ƙarami, a karkace, kamar na wanda aka kama wa hannu. Don Evaristo ya ɗora yatsansa a kan ƙaramin, ya rufe shi ruf har da saura. Sai ya mayar kan babban, ya zauna daidai. Hawaye suka zubo masa, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

"Tun ran Lahadi da ka shigo da kyanwarka ka wuce shi a nan, ko kallo bai ishe ka ba," in ji ta. "Ni zaki bai taɓa ba ni ruwa na sha ba. Tashi, tsofai-tsofai da kai kana jiƙa mini zaure. Na bayar."

"Allah ya saka da alheri, Doña..."

"Tsaya, ban gama ba. Kun ɗauki gaba a sunan gida, to sunan yanka nawa ne. Eduviges za a sa mata."

Don Evaristo ya share ido ya dube ta. "Yarinyar ko kilo uku ba ta kai ba, za ta iya ɗaukar wannan kaya?"

"Ni na ɗauka shekara saba'in da huɗu, me ya same ni? In ba ka so, a bar maganar."

"Wa ya ce ba ya so? Suna ne mai daɗi. Tun da nake ban ji mai daɗinsa ba."

"Maƙaryaci. Ƙara ruwa."

Ran Litinin ma'aikaciyar rajista ta tambaya har sau biyu ko sun tabbata, Fidencio ya ce sun tabbata, ya sa hannu yana murmushi. Aka buga takarda: Eduviges Cantarero Hernández. Don Evaristo ya sa aka yi masa kwafi, ya zare zaki daga gilashi ya saka ta a wurin, ya mayar kan ƙusar saman madubi. Zakin kuwa Chon ya roƙa aka ba shi, wai zai liƙa a kejin kajinsa ko shaho zai ji tsoro.

Don Evaristo ya nemi Doña Eduviges ta sayar masa da tulun, ta ce ko gidansa zai ba ta ba ta sayarwa, in yana son ruwa ya san hanya. Haka kuwa aka yi, duk Asabar da yamma sai ka gan shi yana hawa tudun.

Ranar baftisma aka yanka akuya uku a gidanta. Ana tsakiyar kiɗa da ciye-ciye, Remedios ta nemi mijinta da jaririyar ta rasa. A zaure ta same su, ya durƙusa gaban tulun da yarinyar a hannu cikin farar rigarta mai leshi. Ya kama ɗan yatsanta a hankali ya sa a cikin ƙaramin shatin. Yatsan ya ɓace a ciki, wurin ya yi mata yawa.

"Ba komai, za ki girma ki cika shi," ya ce mata. "Wannan babban na kakana ne, sunansa Nicanor Cantarero. In kika ji ya kira ki, ki amsa."